Neman gurbin sanin makamar aiki a kamfanin lauyoyi: a ina nake kuskure?

Ummita:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shekara ta biyu a fannin shari'a a wata jami'a a Ingila. Tun watan Oktoba nake ta cike fom na neman gurbin sanin makamar aiki, irin na mako biyu da manyan kamfanonin lauyoyi ke bayarwa lokacin hutu. Wuri 9 na nema. Bakwai sun ba ni haƙuri, ko dalili ba su faɗa ba. Ɗaya ya turo gwajin Watson Glaser, wato gwajin auna kaifin tunani, na yi, tun ranar shiru. Na ƙarshen ko amsa bai yi ba.

Makina ba laifi. Inda nake kakarewa shi ne tambayar nan, "Me ya sa kika zaɓe mu?" Nakan rubuta cewa kamfanin babba ne, yana da ofisoshi a ƙasashe da dama, kuma yana horar da matasa da kyau. Sannan ban taɓa aiki a ofishin lauya ba. Abin da nake da shi kawai aikin ƙarshen mako a kantin tufafi, sai taimakon da nake yi a sashen ba da shawarar shari'a kyauta na jami'armu. Aikin kantin ma kunyar saka shi nake ji. Don Allah a ba ni shawara, abin ya fara karya mini gwiwa.

Anti Barista:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, na ga inda gizo ke saƙar. Ina cikin masu karanta irin waɗannan fom ɗin a wurin aikina, kuma amsar da kika kawo ita ce wadda na fi cin karo da ita. Ɗauko abin da kika rubuta, ki sa yatsa ki rufe sunan kamfanin. In har za ki iya sa sunan wani kamfanin a wurin ba tare da kin canza ko kalma ɗaya ba, to ba ki amsa tambayar ba tukuna. Mun san ofisoshinmu nawa ne. Abin da ba mu sani ba shi ne ke.

Shiga shafinsu, ki nemo shari'a ɗaya ko ciniki ɗaya da suka yi aiki a kai kwanan nan, a fannin da yake ba ki sha'awa da gaske. Ki faɗi abin da ya ja hankalinki a ciki, ki haɗa shi da wani darasi da kika yi ko wani abu da ya taɓa faruwa a gabanki. Aiki ne mai cin lokaci, shi ya sa gara wuri 4 da kika yi wa haka da wuri 9 masu amsa iri ɗaya.

Batun kanti kuwa, wallahi kada ki cire shi. Mai saye bai taɓa dawo miki da riga mai aibi yana faɗa ba? Dokar kare haƙƙin mai saye ta 2015 ta ba shi kwana 30 ya mayar da kaya mai lahani a biya shi kuɗinsa. In kin taɓa saurarar mutum cikin fushi, kika yi masa bayanin haƙƙinsa har ya sauko, kin yi wani ɓangare na abin da muke yi kullum. Rubuta lamarin guda ɗaya: me ya faru, me kika yi, yaya aka ƙare. Ni ya fi burge ni a kan wanda ya yi mako guda a ofishin ɗan uwansa ya kasa faɗin abin da ya koya.

Ki kuma duba ko suna karanta fom ne yadda yake shigowa. Masu yin haka gurabensu kan cika tun kafin ranar rufewa.

Sadiq:
Ni kan gwajin zan yi magana, don sau biyu yana kayar da ni. Tambaya 40 ce, yawanci cikin rabin awa, an raba su kashi biyar. Kuskurena shi ne ina amsawa da abin da na sani a waje. Su kuwa abin da ke cikin ɗan rubutun da suka ba ki kaɗai suke so ki tsaya a kai, ko da kin san ba haka yake a zahiri ba. Ki riƙa gwaji da agogo a gabanki, kuma duk wadda kika faɗi ki koma ki gano dalili. Ofishin ba da shawarar aiki na jami'arku zai iya ba ki na gwaji.

Ummita:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, gaskiya na rufe sunan kamar yadda kika ce, kusan duk tara ɗin abu ɗaya ne. To idan duka suka ƙi fa, shekarar ta tafi a banza ke nan? Kuma bizar ɗalibi ba za ta hana ni ba?

Anti Barista:
Ba ta tafi ba. Tun 2021 da aka fara jarrabawar SQE, wato jarrabawar zama lauya a Ingila, abin da ake buƙata ban da digiri da cin jarrabawar shi ne aikin shari'a na shekara biyu, kuma ana iya tara shi a wurare har huɗu. Aikin da kike yi a sashen jami'arku ma yana iya shiga lissafi in lauya ya tabbatar da shi, don haka ki fara rubuta ranaku da abin da kika yi tun yanzu. Sai dai in za ki ba da labarinsa a fom, kada ki kawo sunan wanda kika taimaka wa ko abin da za a gane shi da shi. Wannan kuskuren shi kaɗai ya isa a ajiye takardarki.

Biza kuwa, awa 20 ce a mako lokacin karatu, a hutu kina iya yin cikakken aiki. Ki tabbatar da ranakun hutunku a hukumance kafin ki karɓi gurbi. Ƙananan ofisoshi kuma sau da yawa ba su da fom, gajeriyar wasiƙa ake tura musu. Ki kuma je kotu ki zauna a wurin jama'a, yawancin zaman a buɗe yake.

Ummita:
To Anti. Akwai guda ɗaya da bai rufe ba sai ƙarshen Janairu, suna aiki sosai a kan rikicin ma'aikata da masu ɗaukarsu aiki, kuma darasin da na fi so ke nan. Yau da dare zan sake rubuta amsar daga farko. In na gama zan iya turo miki ki duba mini?