Lensin kyamara 70-200 f/2.8: in rufe ido in saya, ko in ci gaba da lallaɓa na hannuna?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Shawara nake nema, don maganar nan ta kusa wata guda tana hana ni barci.

Shekara huɗu ke nan ina ɗaukar hoton biki a Kano da Canon 80D. Lensi biyu gare ni, 50mm f/1.8 da kuma 55-250 wanda na haɗa da kyamarar lokacin da na saye ta a hannun wani. Da rana ba ni da kuka da shi ko kaɗan. Amma da zarar an shiga wajen dina, aka kashe manyan fitilu aka kunna masu launin nan, sai ya koma kamar mai dundumi. In na jawo shi ƙarshe, idonsa f/5.6 yake tsayawa (ma'aunin buɗewar ido ke nan, in lambar ta yi girma haske kaɗan ke shiga), dole in ɗaga ISO, wato ƙarfin kama haske na kyamara, har 6400. Makon jiya uwar amarya ta rungume 'yarta tana share hawaye da gefen mayafi, ina can gefe bayan masu liƙi. Na danna har sau shida. Da na koma gida na buɗe a kwamfuta, duka shidan dishi-dishi, fuskar kamar an watsa mata yashi. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba.

Sannan ina da burin Hawan Daushe. Ina son hoton jahi irin wanda za ka ga kumfar bakin doki da ƙura tana tashi.

Yanzu wani ya kawo min Canon 70-200 f/2.8L IS II na hannu. Sabo, wato na III, da ya fito ma sama da dala 2,000 aka sa masa, kun kuwa san yadda dala take. Wata mai kamawa ni ne da ɗaukar adashi, in na haɗa da ɗan abin da na ajiye zai kai kuɗin na hannun, amma ba za a bar min ko na mai ba. Maiɗakina kuma tun bara take min maganar rufin ɗakinmu da ke yoyo. Me kuka gani?

Baba Mai Sitidiyo:

Wa alaikumus salam. Yaro, ni tun zamanin fim nake wannan aiki a Zariya, lokacin da hoto 36 ne a nadi ɗaya, kowane dannawa kuɗi ne. Lensin nan da kake magana na riƙe shi shekaru, ba zan kushe shi ba. Amma akwai abin da mai sayarwa ba zai gaya maka ba.

Kyamararka ƙaramar sansa gare ta, wato farantin ciki da ke kama hoton, duk lensin da ka ɗaura mata sai ka ninka milimitarsa da 1.6. Ke nan 70 ɗinka ya zama kamar 112, 200 kuma ya zama kamar 320. A babban zaure wannan daɗi ne. Amma ka tuna inda ake kamu da sa lalle a gidajenmu: tsakar gida, ko falo cike da mata, ga kujerun roba. Za ka yi ta ja da baya har bayanka ya daki bango, kuma kan amarya da kafaɗarta kawai za ka samu. Sai ka cire shi ka ɗaura wani, kafin ka gama an wuce wajen. Masu wannan lensi yawanci kyamara biyu suke ratayawa, ka ga ashe sayen bai ƙare ba.

Ga nauyi. Ya kusa kilo ɗaya da rabi, ban da kyamara da filashi. Naka na yanzu ko rabin kilo bai kai ba. A shago za ka ɗaga ka ce ai ba komai. Ka riƙe shi daga la'asar zuwa sha ɗayan dare tukuna. Kafaɗata ta dama har yau in sanyi ya shigo sai ta tuna min.

Kafin ka ba kowa ko sisi, ka zauna ka buɗe hotunan bikinka goma na baya. Kowane hoto yana ɗauke da bayanin milimita nawa aka ɗauke shi. Ka ƙirga waɗanda suka shiga albam, ba waɗanda kai suka burge ka ba. In ka ga yawancinsu da 50 ɗin nan ka ɗauka, to amsarka ta fito.

In kuma ka dage, kada ka damu da na III. Gilasan ciki kusan ɗaya ne da na II, wanda ya fito a 2010. Abin da aka fi sauyawa a na 2018 shi ne shafen da ke kan gilashin. Amma na hannu sai an duba shi da kyau. Cire murfi biyun, haska tocilan ta baya, ka leƙa ta gaba. Ƙura 'yar kaɗan ba komai ba ce. In ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki, fumfuna ce, damina ta cinye shi a jaka, ka ajiye masa kayansa. Ka gwada fokas a 70 da 200, kusa da nesa, ka kasa kunne ka ji ko na'urar hana rawar hannu tana wata ƙara da ba ta dace ba. Kuma a kyamararka za ka gwada, ba a tasa ba.

Bakatsine:

Ni kan maganar hawa kawai zan tsoma baki. Malam, doki a guje ba ruwansa da na'urar hana rawar hannu, ita hannunka take riƙewa, ba dokin ba. Shota, wato saurin ƙiftawar kyamara, ake ɗagawa zuwa 1/1000 na daƙiƙa ko sama. In da rana, 55-250 ɗinka zai yi, har ma ya fi 70-200 nisan kamu. Abin da ke raba hoton hawa mai kyau da na banza shi ne inda ka samu ka tsaya, da ko dogarai sun bar ka. Kuma hawa sau nawa ne a shekara? Ƙaramar Salla da Babba. Shekarun nan ma an sha dakatar da shi a Kano. Ban ga hikimar zuba adashi a kan kwana biyu-uku ba.

Ɗan Fagge:

Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Bakatsine, gaskiyarka, sai dai Daushe da yamma ake yi. Kafin Sarki ya zagayo a zo jahi a Ƙofar Kudu rana ta yi sanyi, ga ƙura ta turnuƙe. A nan ne f/5.6 ke kunyata ni. Tsakaninsa da f/2.8 ai haske ninki huɗu ne.

Uwar Biyu:

Ƙanena, bari in saɓa wa Baba kaɗan, da neman afuwa. Ni wajen mata nake aiki, kamu da wunin biki da walima, kuma dogon lensi shi ya canza min sana'a. Amaryarmu kunya gare ta. In ka tsaya a gabanta da kyamara sai ta sunkuyar da kai, ko ta yi maka murmushin dole. Amma in kana can nesa, ta manta da kai, sai ka samu lokacin da ƙawarta ta raɗa mata wani abu ta ƙyalƙyale da dariya ta rufe baki da hannu mai lalle. Wannan hoton shi ake sawa a bango, kuma shi ke kawo maka bikin ƙanwarta.

Sai dai ni ban fara da mai tsadar ba. 85mm f/1.8 na fara saya. Ba ya zuƙowa, ƙafarka ce za ta yi aikin, amma ya fi f/2.8 shan haske fiye da ninki biyu, bai kai rabin kilo ba, kuɗinsa kuma ko kusa. A kyamararka zai zama kamar 136. Hoton uwar amaryar nan da ya kuɓuce maka, da shi ne da ka samu. Shekara biyu ina aiki da shi kafin na sayi Tamron 70-200 G2, kuma daga kuɗin da shi ƙaramin ya kawo na saya, ban taɓa jari ba.

Kuma don Allah ka gyara wa baiwar Allah rufinta. Damina ba ta jira, kuma ɗakin da ke yoyo shi ne inda za ka ajiye lensin. Ka ji abin da Baba ya ce kan fumfuna.

Na Sabon Gari:

Ku dai faɗi gaskiya, rabin masu sayen farin lensin nan don a gan su ne. Ni ranar da na ari na abokina na shiga da shi wajen biki, mai gadi har sara min ya yi, wani alhaji kuma ya karɓi lambata bai ko ga hoto ɗaya ba.

Baba Mai Sitidiyo:

Na Sabon Gari, ba ƙarya ka yi ba, amma alhajin ya kira?

Na Sabon Gari:

Har yau shiru, Baba.

Ɗan Fagge:

Na dawo da bayani. Na yi ƙirgar da Baba ya ce. A albam goma, waɗanda na ɗauka sama da 135mm ba su taka kara sun karya ba, yawanci 50 ne, sai tsakanin 70 da 100. Ban so ganin haka ba, amma haka ne.

Duk da haka ranar Asabar na karɓi hayar 70-200 ɗin na kwana ɗaya a wajen wani abokin sana'a, na yi dina da shi. Hotunan kam sai wanda ya gani, bayan amarya ya narke kamar man shanu, fokas kuma kafin ka ƙifta ido ya kama. Amma wajen yanka kek sai da na hau kan dakali na manne da bango, kuma da na tashi sallar asuba hannuna na dama da ƙyar ya ɗagu.

Na ce wa mai na hannun ya ba wani. Mai gyaran rufi zai zo ran Litinin. Hajiya Uwar Biyu, 85 ɗin nan na hannu, shi ma da tocilan zan duba shi kamar yadda Baba ya ce, ko akwai wani abin da ke yawan lalacewa a jikinsa?