Wane suna za mu ba fulbak na zari-ruga?

Jama'a, ku taya ni. Daren jiya a majalisarmu ta Mabera na nuna wa ƙanena bidiyon Billy Slater, tsohon fulbak na zari-ruga, a waya, ya ce, "Yaya, wanga gola ne?" Na buɗe baki na rasa kalmar da zan ba shi.

Zari-ruga nake nufi, irin na mutum 13 da aka fara a arewacin Ingila a 1895. A wasan, fulbak, wato ɗan wasan da ke tsayawa can baya, shi ke sa lamba 1, abin da ya ruɗa yaron ke nan. Amma ba gola ba ne, babu ragar da yake gadi. Idan kuma na ce mai tsaron baya, kowa lamba 2 da lamba 3 na tamaula zai hango.

Ku dubi aikin Slater. Daga 2003 zuwa 2018 ƙungiya ɗaya ya yi wa wasa a Ostireliya, Melbourne Storm, wasa 319, ya ci maki ta hanyar dangwala ƙwallo bayan layin abokan hamayya sau 190. Wane mai gadi ne ke cin haka? Yana tsaye shi kaɗai bayan sahu, yana yi wa 'yan'uwansa tsawa su toshe kafa. An ɗaga ƙwallo sama, shi zai cafe, ƙarti na rugowa kansa. Wani ya ɓalle, shi zai kayar da shi. Da ya ga ɓaraka kuma sai ya keta kamar an saki doki, kuma dama yana yaro ya yi aikin motsa dawakin sukuwa.

Wani abokina ya ce garkuwa. Ta yi daɗin faɗi, sai dai garkuwa ba ta kai hari.

Kawuna, da ke gefe yana jan casbi, ya ce, "Ɗana, wanda ka fita tarbon abu tun bai iso gida ba, mi sunanai?" Na ce matarbi, Kawu.

Nan hankalina ya kwanta. Mai tarbo ba ya zaman jira, hanya yake fita. Ya tarbi ƙwallo, ya tarbi mutum, ya juyo da abin da ya tarbo. Jam'i ma bai ba da wahala ba: matarba.

Ni dai na tsaya kan matarbin baya. Mutanen Kano da Zariya, ya zauna a bakinku, ko Sakkwatanci ya yi masa yawa?