Wanda bai taɓa ganin komai ba, tafiyarsa tsaye take?

Tela na Wunti: Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan wazifa wani ɗan'uwa ya ce mini duk wanda ya shekara goma yana wuridi bai samu kashafi (wato a buɗe masa ya ga abin da ke ɓoye) ko mafarki na gari ba, tafiyarsa ta ɗariƙa tsaye take. Ni yau shekarata 12 ina wuridi, ko ɗigon haske ban gani ba. Wallahi maganar ta hana ni barci.

Malamin makaranta, Jahun: Wa alaikumus salam. Ya yi tsauri, amma akwai ƙamshin gaskiya. Hadisi ya tabbata cewa mafarki na gari kashi ɗaya ne cikin 46 na annabci. Shehu ɗan Fodiyo da kansa ya rubuta cewa yana ɗan shekara 40 ya ga Shehu Abdulƙadir Jilani ya ɗaura masa takobin gaskiya, tun kafin hijirar 1804. Tutar da Malam Yakubu ya kawo Bauchi daga hannun wa ta fito?

Hajiya ta Yalwa: Malam, Shehu ya gani, amma da gari ya waye ai karatu ya ci gaba da bayarwa a Degel. Ni ƙanena mafarki ɗaya ya yi a i'itikafi, ya fito ya garƙame shagonsa da kwaɗo wata huɗu, wai an ce masa ya bar duniya. Matarsa ta zo mini da kwano a ƙarƙashin hijabi, aron garin masara take nema, kunya ta hana ta ɗaga ido. Wannan ne buɗin?

Malamin makaranta, Jahun: Subhanallahi. Hajiya, wannan rashin shehi ne. Abin da aka gani ana kai wa malami ya auna, ba a yanke hukunci da shi.

Ɗalibi, Fadaman Mada: To ai kun dawo hanya, Malam. Shi Jilanin da kuka ambata, an ruwaito haske ya taɓa cika masa sararin sama, murya ta ce an halatta masa haram. Nan take ya ce tafi can la'ananne. Ilminsa ne ya cece shi.

Malamin makaranta, Jahun: Ɗana, kada ka cusa mini magana a baki. Auna abu daban, ƙaryata shi daban. Ɗanɗanon abin da ake gani ɗin nan shi ke tayar da mutum ƙarfe uku na dare cikin sanyin hunturu.

Hajiya ta Yalwa: Mahaifiyata ta shekara 50 tana tashi, ba ta taɓa cewa ta ga komai ba. Ko ta gani ta ɓoye, oho.

Tela na Wunti: Ni dai abu ɗaya na lura. Da can nakan rage ƙyallen mutane in ajiye, in yi alkawarin Juma'a ya zama Talata. Yanzu hannuna ba ya iyawa. Malam, wannan yana shiga lissafi?

Malamin makaranta, Jahun: Yana shiga mana. Amma ka same ni bayan la'asar, ban sauka daga maganata ba.