Minsharin maigidana ya fara ba ni tsoro, numfashinsa na ɗaukewa cikin bacci

Maman Biyu, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum 'yan uwa dan Allah a ba ni shawara. Maigidana direba ne, Jos zuwa Abuja yake lodi, da ma tun aurenmu yana minshari na saba, amma yanzu abin ya canza, yana cikin ja sai ka ji ɗif, ƙirji na motsi amma ba iska, jiya zama na yi ina ƙirgawa sai da na kai 20 sannan ya fizgo numfashi kamar wanda aka shaƙe ya juya ya ci gaba. Da safe na faɗa masa ya ce shi bai san an yi ba. Zai kwana awa 8 ya tashi da ciwon kai baki a bushe, ana hira bayan magariba sai gyangyaɗi. Surukata ta ce gajiya ce kawai, ni kam hankalina ya ƙi kwanciya.

Anti Nas, Rikkos:
Wa'alaikumus salam. 'Yar uwa kin kyauta da kika ƙirga. Abin da kika zayyana ya yi kama da ɗaukewar numfashi cikin bacci, naman maƙogwaro ne ke saki ya toshe hanyar iska, in ya kai daƙiƙa 10 likitoci na lissafa shi, kuma wani sai ya yi sau 30 ko fiye cikin awa ɗaya, duk lokacin ƙwaƙwalwa sai ta ɗan tashe shi don ya shaƙi iska. Shi ya sa awa 7 zuwa 9 ɗin da babba ke buƙata yana cika su a agogo amma jiki bai huta ba. Ya fi kama maza masu ƙiba da kaurin wuya, kuma yana tafiya da hawan jini sosai. Ki ɗauke shi bidiyo yana baccin, ku je JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, can Lamingo ku nuna wa likita, a auna jininsa, a tura ku gwajin bacci. Akwai na'urar CPAP mai hura iska ta hanci, tana aiki. Kafin nan ya riƙa kwana ta gefe ba rigingine ba, kuma dan girman Allah kar a sayo masa maganin bacci a kemis, irin su diazepam ƙara sakin maƙogwaron suke.

Baban Tasha:
Ɗiyata maganar tuƙin ce ta tsaya min a rai. Na shekara da shekaru ina bin hanyar nan, na san yadda ido ke rufewa mutum na riƙe da sitiyari bai sani ba, Hawan Kibo kuwa, gangaren dutsen nan da ke kan hanyar, ba ya jiran ka farka. Goro da shayi mai kauri ba sa biyan bashin bacci, in ma ya ci da la'asar sai su hana shi na dare. Ki lallaɓa shi ya ajiye doguwar tafiya har likita ya gan shi, kar ki faɗa da faɗa, mu direbobi ba ma son a ce mun gaza.

Maman Biyu:
Na gode Anti, na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Wuyan kam ya ƙaru, rigunansa na bara maɓallin sama ba ya rufuwa. Daren nan zan ɗauki bidiyon, in ya ƙi saurarona yayansa zan kira, shi yake jin maganarsa.