Babban kamfani yana son sayen manhajarmu da sharaɗin mu bar fagen shekara huɗu: wa ya taɓa shiga irin wannan?

Mai Gina Manhaja:
Assalamu alaikum. Ni da abokan aikina uku mun gina wata manhaja da ƙananan ɗakunan gwaje-gwajen lafiya suke amfani da ita wajen karɓar samfur, bin diddiginsa, da aika sakamako ga likita. Masu biya ba su da yawa, amma suna ƙaruwa, kuma abin da ke shigowa ya fara ɗaukar albashinmu. Yanzu wani babban kamfani da ke sayar wa manyan asibitoci irin wannan manhaja ya nemi ya saye mu. Farashin bai dame ni ba. Sharuɗɗa biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko, mu huɗun da ma'aikatanmu biyu za mu sa hannu cewa ba za mu yi wani aiki da ya shafi bayanan lafiya ba har shekara huɗu. Na biyu, sun ƙi rubuta cewa za su ci gaba da riƙe manhajar bayan sun saya. Ina roƙon waɗanda suka taɓa sayarwa, da waɗanda suka ƙi sayarwa suka tsaya gasa, su gaya mini abin da ya biyo baya.

Ɗan Kasuwa:
Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki karɓi abin da bai kai ninki biyar na kuɗin da ke shigo muku a shekara ba. Duk wanda ya taya ƙasa da haka ya raina aikinku ne.

Akawu:
Ninki biyar a ina, Alhaji? Na yi lissafin ciniki irin wannan ga wani ƙaramin kamfani, kuma da ƙyar aka kai ninki biyu, rabin kuɗin ma sai da aka jingina shi ga ribar shekarun gaba. Masu ambaton ninki biyar da ninki goma labarin Instagram suke ji, wanda Facebook ya saya a 2012 kan dala biliyan 1 yana da ma'aikata 13, alhali dubban ƙananan kamfanoni ana sayensu ne a ɓoye kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Tsohon Injiniya:
Ƙanwata, ki sayar tun ana nemanki. Ni na ƙi sayarwa, kuma har yau ina ɗanɗana kuɗata. Mun yi wata manhaja ta tsara jigilar kaya, ta fi ta babban kamfanin da ke fagen sauri, ta kuma fi ta sauƙin koyo. Suka zo da tayi, na ce a'a, domin na yi imani cewa wanda kayansa ya fi kyau shi kasuwa za ta bi. Shekara ba ta zagayo ba suka ɗauko ainihin abin da ya bambanta mu, suka saka a cikin babbar manhajarsu, suka ce kyauta ne ga duk mai biyansu. Daga nan suka janye injiniyoyina biyu da albashin da ba zan iya ko kusantarsa ba. Sai ga wasiƙar lauya tana zargin mun taka haƙƙin mallakar wata fasaha tasu. Ba su kai mu kotu ba, ba su ma buƙaci hakan ba, domin mai zuba jarin da muke tattaunawa da shi yana ganin wasiƙar ya daina ɗaukar waya.

Abin da ba na mantawa shi ne kiran da mutumin da ya fara saya daga gare mu ya yi mini. Ya daɗe yana ba ni haƙuri, yana cewa tamu ta fi, amma ba shi da abin da zai faɗa wa masu kamfaninsu idan suka tambaye shi dalilin biyan abin da ake bayarwa kyauta. Aikina na ƙarshe a kamfanin da na kafa shi ne rubuta wa abokan ciniki bayanin yadda za su kwashe bayanansu su koma wajen wanda ya kashe mu. Saboda haka idan na ji ana cewa gasa ce ke gina tattalin arziki mai dogaro da ilimi, tambayata ita ce: gasa tsakanin wa da wa? Ilimi muke da shi, su kuma suna da kuɗin da za su yi asara na shekaru ba su ji a jikinsu ba.

Malamar Jami'a:
Allah ya mayar maka da alheri, Injiniya. Labarinka ya taɓa ni, amma ina ganin abin da ya same ka rashin gasa ne, kuma yana cikin abubuwan da aka kafa dokokin hana babakere domin su. Haɗa sabon abu kyauta da kayan da ya riga ya mamaye kasuwa shi ne ginshiƙin ƙarar da gwamnatin Amurka ta shigar a kan Microsoft a 1998.

Abin da nake so Malama mai tambaya ta duba shi ne sharaɗi na farko, domin tarihin wannan sana'a tarihin mutane ne da suka bar wuri ɗaya da iliminsu a kai suka buɗe wani. A 1957 injiniyoyi takwas suka bar kamfanin William Shockley suka kafa Fairchild, mai ƙera ƙananan sassan lantarki. A 1968 biyu daga cikinsu, Robert Noyce da Gordon Moore, suka bar Fairchild suka kafa Intel, shekara guda bayan haka wasu suka fita suka kafa AMD. Hakan ya yiwu ne a jihar Kalifoniya, inda kotuna ba sa tilasta wa ma'aikaci yarjejeniyar hana gasa. Da an ɗaure kowane ɗayansu shekara huɗu, da wuya a ce sarƙar ta ci gaba. Akwai kuma hukuncin sulhu na 1956 da ya tilasta wa babban kamfanin tarho na Amurka AT&T ya ba wasu kamfanoni lasisin fasahohin da ya mallaka, abin da masu bincike suka nuna ya ƙara ƙirƙira a ƙananan kamfanoni.

Ba ina cewa kowace gasa alheri ce ba. Philippe Aghion da abokan aikinsa sun nuna a 2005, da bayanan kamfanonin Birtaniya, cewa ƙirƙira tana ƙaruwa yayin da gasa ke ƙaruwa har zuwa wani mataki, daga nan ta fara raguwa, domin kamfanin da aka bari a baya sosai yana yanke ƙauna. Inda gasa ta fi amfani shi ne inda masu gasar suke kafaɗa da kafaɗa. Aghion da Peter Howitt da Joel Mokyr ne suka karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2025 kan irin wannan nazari.

Tsohon Injiniya:
Malama, da girmamawa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kin taɓa zama ranar biyan albashi babu ko sisi a asusu? Waɗanda suka kafa Intel mun san sunayensu saboda sun yi nasara. Waɗanda suka fita suka faɗi babu mai karantar da labarinsu a aji. Ita kuma ƙarar Microsoft, kafin a yanke hukunci Netscape, kamfanin da Microsoft ya danne da manhajar shiga intanet ta kyauta, ya riga ya durƙushe. Matar nan gogewa ta nema, ba lacca ba.

Malamar Jami'a:
Ban taɓa biyan albashi ba, Injiniya, amma ɗaliban da na koyar suna dawowa da kwangilolinsu in karanta musu, kuma na ga masu hazaƙa da yawa da aka zaunar. Gogewar mutum ɗaya, komai ɗacinta, ba ta isa a yanke wa kowa hukunci da ita ba.

Wadda Ta Sayar:
Tunda gogewa ake nema, ga tawa, kuma ta saɓa wa ta Injiniya. Na sayar, aka biya ni yadda aka yi alkawari, aka yi mana liyafa. Bayan 'yan watanni aka aika wa abokan cinikinmu sanarwa cewa an haɗe manhajarmu da tasu, wato an rufe ta. Ashe abokan cinikin suka saya, da kuma shirunmu. Na yi zaman shekara biyu da yarjejeniya ta ɗora mini, ina ganin kurakurai a manhajarsu da na san maganinsu, tsofaffin abokan cinikina suna rubuto mini suna kuka, ni kuwa babu halin in taɓa komai. Da wa'adin ya cika na dawo, na tarar kayan aikin da ake amfani da su sun sauya, mutanen da na horar sun watse zuwa wasu sana'o'i. A wannan fage ilimi yana tsufa da sauri, kuma shekara huɗu da aka ce miki kusan ritaya ce. Kuɗin sun yi mini amfani, ba zan ɓoye ba, amma ƙin rubuta cewa za su riƙe manhajar ya riga ya gaya miki niyyarsu.

Lauya:
Malama mai tambaya, babu wanda ya lura da cewa sharaɗinku ya haɗa mutane iri biyu, kuma doka ba ta kallonsu da ido ɗaya. Malamar Jami'a ta yi gaskiya game da Kalifoniya, amma wannan kariyar ta ma'aikaci ce. Dokar jihar ita kanta ta yarda a ɗaure wanda ya sayar da kamfaninsa, bisa hujjar cewa an biya shi kuɗin sunan da ya gina. Ku huɗun masu sayarwa ne, don haka kusan ko'ina kotu za ta saurari mai saye. Ma'aikatanku biyu kuwa ba su sayar da komai ba, kuma bai kamata a sa su cikin wannan ba. A Jamus, alal misali, ba a ɗaure ma'aikaci fiye da shekara 2, kuma dole kamfani ya biya shi aƙalla rabin albashinsa a tsawon lokacin. A Amurka hukumar kula da gasa ta yi ƙoƙarin hana irin wannan sharaɗi ga ma'aikata a 2024, wata kotu a Texas ta dakatar da ita.

Ga masu sayarwa, ƙa'idar Hukumar Tarayyar Turai ita ce shekara 3 idan cinikin ya haɗa da sirrin sana'a, shekara 2 idan suna da abokan ciniki kaɗai aka sayar. Huɗu ta wuce wannan ma'auni. Kalmar "bayanan lafiya" kuma ta yi faɗi ƙwarai, ki nemi a taƙaita ta ga manhajar ɗakunan gwaji. Mafi muhimmanci, ki nemi a rubuta cewa ranar da suka rufe manhajar, sharaɗin hana gasa ya faɗi. Yadda za su amsa wannan buƙata zai nuna miki ko kayan suke so ko fitarku daga kasuwa. Ki kai takardar ga lauyan da ya san dokar ƙasar da za a yi cinikin.

Tsohon Injiniya:
Barista, duk wannan a takarda ne. Idan suka saɓa, da wane kuɗi za ta yi shari'a da kamfanin da ke da ofishin lauyoyi nasa na kansa?

Ɗalibi:
Iyayena, don Allah ku ci gaba da jayayya, domin tun da Injiniya ya fara gasa da Malama da Barista bayanan da muke samu suke ƙara inganci. Ina ganin an riga an tabbatar da amfanin gasa a nan.

Mai Manhajar Waya:
Maganar Injiniya ta ƙarshe ita ce gaskiyar lamarin, kuma ba a saye da sayarwa kaɗai take ba. Mu da muke yin manhajar waya, ko mun fi kowa iyawa, hanyar isa ga mutane tana hannun kantunan manhaja biyu, na Apple da na Google, kuma suna cire kashi 30 cikin 100 na abin da aka biya a ciki. Wane ƙaramin kamfani ne zai yi bincike da ragowar?

Akawu:
Kashi 30 tsohon labari ne ga ƙananan masu sana'a. Tun 2021 Apple ya rage zuwa kashi 15 ga wanda cinikinsa bai wuce dala miliyan 1 a shekara ba, Google ma ya rage zuwa kashi 15 a kan dala miliyan 1 na farko.

Mai Manhajar Waya:
Sun rage ne bayan ƙararraki da binciken hukumomi sun taso su a gaba, Malam Akawu, babu wani kanti na uku da ya karya musu farashi. A Turai ma sai da aka yi doka ta musamman kafin a 2024 a buɗe ƙofa ga wasu kantunan. Ni kuma ba kamashon ne ya fi ci mini rai ba. An taɓa sauke manhajata daga wani dandali da saƙo mai layi biyu da bai faɗi laifina ba, na rubuta ƙorafi, amsa iri ɗaya take dawowa, har masu amfani da ita suka ɗauka na gudu.

Mai Gina Manhaja:
Na gode muku duka, musamman Barista da Hajiyar da ta sayar. Har yanzu ina son jin ko akwai wanda ya ƙi sayarwa kuma ya rayu, da abin da ya yi dabam.

Malamar Jami'a:
Kafin a amsa miki, Malama, bari in ƙara a kan maganar ɗan'uwanmu mai manhajar waya, domin mu ma a jami'a muna da masu tsaron ƙofa. Muna yin bincike da kuɗin jama'a, mu ba mujallu kyauta, mu duba aikin junanmu kyauta, sannan ɗakin karatunmu ya sayi damar karanta abin da muka rubuta, kuma kamfanonin ɗab'i ƙalilan ne ke riƙe da kaso mai yawa na mujallun. Wanda yake so kowa ya karanta aikinsa sai ya biya kuɗin bugawa da ya kai dubban daloli a wasu mujallu. A 1993 cibiyar binciken kimiyya ta Turai, CERN, ta saki fasahar yanar gizo kyauta ga duniya, amma yau ɗalibina da ke son gina manhajar gano cuta yana cin karo da shingen biyan kuɗi a kusan kowace maƙala da yake buƙata. Barista, shin dokar hana babakere tana da abin cewa a kan mujallu, ko haƙƙin mallaka ya rufe wannan ƙofar gaba ɗaya?