Jos ko Nguru? Ina son ganin tsuntsun da ban taɓa gani ba

Ɗan_Rimi:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu kallon tsuntsaye ku ba ni shawara. Shekara biyu ke nan da wani abokin aikina ya ara min madubin hangen nesa, tun daga ranar abin ya shiga raina, duk Asabar ina idar da sallar asuba nake fita bayan gari nan Kano, gonaki da bakin dam, har na rubuta kala 84 a littafina. To amma yanzu kullum su ne dai, balbela, cilakowa, hasbiya, zakaran ƙeƙuwa, shamuwa in damina ta kawo kai. Zan samu hutun kwana 6 a watan Nuwamba kuma kuɗin motata waje ɗaya zai kai ni. Wasu sun ce Jos wasu sun ce Nguru. Babban burina gauraka, kakana Allah Ya jiƙansa yana ba mu labarin yadda suke sauka a fadamar garinsu garke-garke suna rawa, ni kuwa sai a hoto. Ina ya fi?

Hauwa_Jos:
Wa alaikumus salam yaya. In dai wanda ba kowa ke gani ba kake nema to ka taho Jos kawai, kuma Nuwamba ya yi daidai. Akwai dajin Amurum kusa da ƙauyen Laminga, wajen kilomita 15 daga cikin gari, nan cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos. Dajin ba shi da wani girma, a ƙafa ake zagaya shi, amma duwatsu ne da ciyawa da kurmi a bakin rafi duk a waje ɗaya shi ya sa tsuntsayen suka yi yawa.

Bari in ba ka labarin wanda ake zuwa dominsa. Ka san baiwar Allah ai, 'yar jar tsuntsuwar nan da ke tsince-tsince a tsakar gida. To tana da 'yar uwa da ke zama a cikin duwatsu, Turawa na ce mata rock firefinch, kuma masana ba su san ita wani jinsi ce daban ba sai 1998 da wani Ba'amurke Robert Payne ya bayyana ta. 1998 fa yaya, ba zamanin Turawan mulki ba, jiya-jiyan nan. Kuma yadda aka gano ta ɗin shi ne abin da ya fi burge ni. Akwai wani baƙin tsuntsu ɗan mitsitsi a nan Filato wanda ba ya yin sheƙa sam, macen sai ta lallaɓa ta saka ƙwanta a sheƙar baiwar Allah, a ƙyanƙyashe shi tare da 'ya'yan gida, har zanen cikin bakin ɗan tsakon yana kama da nasu don kada a ƙi ba shi abinci, in ya girma namijin sai ya riƙa rera waƙar uban riƙonsa, macen ma ba ta kula namiji sai mai waƙar gidan da ta tashi. Kowane jinsin baƙin nan yana da irin tsuntsun da yake bi. Na Filato waƙarsa ce ta sa aka bi diddigi har aka gane uwar riƙonsa wata ce da ba a rubuta ba. Wato ɗan riƙo ne ya tona asirin gidan.

Ranar da na fara ganinta sai da na yi kusan awa biyu zaune a kan dutse sanyi na ratsa ni, sai ga namiji ya sauko yana tsintar 'ya'yan ciyawa, bayansa ja kamar jini, kansa toka-toka, bakinsa shuɗi-shuɗi. Wallahi hannuna rawa yake na kasa ɗaukar hoto. Bakin za ka duba, ta gida bakinta ja ne.

Baba_Marma:
Ɗana, ni a Nguru aka haife ni kuma a ruwan nan na tsufa, don haka zan faɗa maka gaskiya ko ba daɗi. In don gauraka za ka zo, kada ka kashe kuɗinka. Abin da kakanka ya gaya maka gaskiya ne, da idona na ga haka muna yara, da yamma ka ji kukansu daga nesa kafin ka hango su. Yanzu sai a shekara da shekaru ba a ga ko ɗaya ba. An kama su an kai gidajen masu hali suna yawo a tsakar gida don ado, an harbe wasu, sannan ruwan ma ya canza. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 aka zo aka ƙara na Challawa a 1992 ambaliyar da ke cika fadamu ba ta zuwa yadda take zuwa da, ga kacala ta toshe hanyoyin ruwa, inda muke tuƙa kwalekwale a da yanzu sai ka sa adda. Tsuntsun da ake kira na ƙasa a Najeriya amma sai ka tsallaka Waza a Kamaru ko Zakuma a Chadi kafin ka gan shi da yawa. Abin yana ci min rai.

Amma kada ka ce babu komai a nan. In sanyi ya kankama, Disamba zuwa Fabrairu, baƙin da ke gudo wa sanyin Turai suna sauka dubbai, agwagin ruwa da masu dogayen ƙafafu, su haɗu da namu na gida, dinya, kirinjijiya, zalɓe. Ka je Dagona can wajen Gashuwa ko Baturiya ta ɓangaren Haɗeja, ko ka shiga kwalekwale a tafkin Nguru da sassafe. A kwana biyu littafin nan naka zai cika. Nuwamba dai ya ɗan yi wuri, ruwa bai ja baya ba, tsuntsayen a warwatse suke. In so samu ne ka je Jos yanzu, ka zo mana a Janairu. Kuma kafin ka kama hanya ka tambayi mutanen gari halin da ake ciki, kada ka shiga daji kai kaɗai.

Ɗan_Damagaram:
Baba ya gama magana. Mu ma nan Nijar haka abin yake, tuje da iyayenmu ke gani bakin gona yanzu sai can cikin daji wajajen Tarmit, jimina kuwa sai wadda ake kiwo a Kelle kusa da Gure don kar iri ya ɓace. Abu ɗaya zan ƙara, ɗan uwa ko ungulu ka gani a hanya ka tsaya ka rubuta wuri da rana. Wadda muka saba gani a mahauta tun 2015 aka sa ta cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa a duniya, saboda guba da masu sayen kanta don haɗa magani. Yaushe rabonka da ganinta a kwata?

Ɗan_Rimi:
Allah Ya saka da alheri. Baba maganarka ta sosa min rai wallahi, ban zaci abin ya kai haka ba, amma gara da ka faɗa min. Ɗan_Damagaram na duba littafina yanzu, babu ungulu a cikin 84 ɗin nan, ko sau ɗaya, kuma ban taɓa lura ba sai da ka tambaya. To na yanke Jos. Malama Hauwa shi baƙin tsuntsun fa, ana ganinsa a Nuwamba? Kuma haka kawai mutum zai shiga dajin ko sai da izini?

Hauwa_Jos:
Kada ka shiga haka kawai yaya, ka fara zuwa cibiyar ka gabatar da kanka, wajen bincike ne kuma mutanen Laminga suna ji da dajin nan tun kakanni. Ka nemi a haɗa ka da wanda ya san kukansu don da kunne ake fara samun su kafin ido. Baƙin kuwa lokacinsa ke nan, daga ƙarshen damina zuwa farkon rani namijin ke yin baƙi wuluk mai sheƙi ya hau saman bishiya yana waƙa, in lokacin ya wuce sai ya koma ruwan ƙasa kamar gwara ba mai iya bambance shi. Ko a lokacin ma da ido kaɗai ba za ka rantse ba don yana da 'yan uwa masu kama da shi sak, sai an saurari waƙar wa yake kwaikwayo, don haka ka yi rikodin da wayarka. Ka sauke manhajar BirdLasser a wayarka ka riƙa shigar da duk abin da ka gani tun daga hanya, bayanan suna shiga aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma akwai wurare da yawa a arewa da ba wanda ya taɓa shigar da komai. Ka taho da rigar sanyi mai kauri mara haske da takalmi mai kama dutse, sanyin Jos na asuba ba irin na Kano ba ne. Ƙarfe 6 ka kasance kana kan dutsen.