Taƙaitawa: gyaran oksayid ɗin ƙarfe don ƙara ƙarfin siginar Raman

Tattaunawar da aka yi kan yadda za a gyara oksayid ɗin ƙarfe don wannan aiki ta yi tsawo, ga abin da na tsinta. Raman hanya ce ta gane sinadari: a haska shi da lesa, a auna hasken da ya warwatsa. Siginar tana da rauni, shi ya sa ake ɗora sinadarin a kan wani abu da zai ƙara mata ƙarfi.

1. Kusan kowa ya yarda cewa zinariya da azurfa sun fi ƙara ƙarfin siginar. Amma oksayid irin su TiO2 (na titanium), ZnO (na zinc) da na tungsten sun fi araha, ba sa dusashewa a iska kamar azurfa.

2. A oksayid, ƙarin yana zuwa ne galibi daga musayar elektron tsakaninsa da sinadarin da ake nema. Dole matakan makamashinsu su dace da hasken lesa, ko tsawon zangonsa 532 ne, ko 633, ko 785 nanomita.

3. Nan aka fi daɗewa: guraben oksijin, wato wuraren da oksijin ya fita daga jikin oksayid ɗin. Idan aka gasa farin TiO2 cikin haidurojin, yakan yi duhu, guraben kuma su buɗe wa elektron hanya. Da yawa sun kawo misalin W18O49, wani oksayid ɗin tungsten, wanda a 2015 aka nuna ƙarinsa ya haura ninki 100,000. Sai dai wasu sun ce guraben kan cike idan samfurin ya daɗe a iska, don haka a auna shi da wuri.

4. Ra'ayi ya rabu kan haɗa oksayid da 'yar zinariya. Wasu na so, wasu sun ce daga nan ba za a san wane ne ya yi aikin ba.

5. Gargaɗin da ya fi burge ni: rinin Rhodamine 6G da ake yawan gwaji da shi, shi da kansa yana amsa lesar 532, yana kumbura alƙaluma. A gwada da wani sinadarin ma.

6. TiO2 yana wanke kansa da hasken UV, a sake amfani da shi.